Koyon Tuƙi a Ruwa da Tudu: Jirgin Ruwa da Doguwar Tafiya a Kan Keke

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Dingyaɗi ko Boɗinga ko Shagari ya san abubuwan hawa guda biyu waɗanda ba su shan mai. Na farko shi ne keke, wanda manomi kan ɗaura wa buhun gero ko na albasa zuwa kasuwa, ɗalibi kuma ya hau zuwa makaranta. Na biyu shi ne jirgin ruwa, wanda mutanen bakin gulbi da na gefen madatsar ruwa kan shiga domin ƙetarawa zuwa gona ko kasuwa ko neman itace. Saboda yawan sabo da su, mutane da dama sun ɗauka cewa sarrafa su ba ya buƙatar wani koyo na musamman.

Wannan zato ya jawo hasarar rayuka. A watan Afrilu na shekarar 2022 jirgi ya kife da mutanen ƙauyen Gidan Magana a Ƙaramar Hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu. A watan Mayu na 2023 wani jirgin ya sake kifewa a Dandeji, duk a ƙasar Shagari, inda aƙalla yara 15 suka rasu, akasarinsu 'yan mata da suka fita neman itacen girki. Ire-iren waɗannan yara su ne ɗaliban da malami zai tarar a ajinsa.

A wannan babi za a yi bayanin yadda ake koyon tuƙin jirgin ruwa a gargajiyance da kuma a zamanance, sannan a dubi yadda ake shirya doguwar tafiya a kan keke. Manufar ita ce a nuna cewa kowannensu ilimi ne mai matakai da ƙa'idoji da kalmomi nasa, kuma malamin Hausa yana da rawar takawa wajen adana shi da isar da shi ga na baya.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmomi uku ne ginshiƙin wannan babi: tuƙi da jirgi da keke. Dukkansu misalai ne na faɗaɗar ma'ana, wato yadda kalma kan tashi daga ma'anarta ta asali ta rungumi sababbin abubuwan da zamani ya kawo.

Aikatau “tuƙa” yana nufin juya abu da wani itace a hannu. Mace tana tuƙa tuwo da muciya, mai fito yana tuƙa jirgi da filafili. Da abubuwan hawa na zamani suka zo, sai Bahaushe ya ɗauki wannan aikatau ya ba su, ya ce ana tuƙa keke da babur da mota. Ke nan harshe da kansa ya riga ya haɗa matuƙin jirgi da mahayin keke a sana'a ɗaya.

Haka abin yake ga “jirgi”. A da, in an ce jirgi, na ruwa ake nufi. Da titin dogo ya iso Kano a 1911 sai aka samu jirgin ƙasa, da jiragen Turawa suka fara sauka a Kano a 1925 sai aka samu jirgin sama. Wannan ya sa ake ƙara wa na asalin kalmar “ruwa” domin a bambance shi. Ƙaramin jirgi kuwa shi ake kira kwale-kwale.

Ita ma kalmar “keke” ta bi wannan tafarki. Daga keken hawa aka samu keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu na'urori ne masu juyawa waɗanda ƙarfin hannu ko na ƙafa ke motsawa.

3.0 Jirgin Ruwa a Ƙasar Hausa

Sassaƙa jirgi daɗaɗɗiyar fasaha ce a wannan yanki. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwale-kwale binne a ƙasa. An fito da shi a 1994, bincike kuma ya nuna cewa ya kai kimanin shekara 8,000. Tsawonsa ya haura mita 8, kuma shi ne jirgi mafi daɗewa da aka gano a nahiyar Afirka.

A ƙasar Sakkwato da Kabi, Sarkawa su ne ma'abota ruwa. Sana'arsu, wato sarkanci, ta ƙunshi su da fito da ceto da sanin halayen ruwa da dabbobinsa, kamar kada da dorina da ayu. Masana tarihi da dama suna danganta asalinsu da masuntan daular Songhai da ke bakin kogin Kwara, suna kuma ganin sun taimaka wajen ƙarfafa daular Kabi a zamanin Kanta, cikin ƙarni na 16. Shugabansu a gari shi ne Sarkin Ruwa, wanda ke ba da izinin shiga ruwa, ya kuma jagoranci aikin ceto in haɗari ya auku.

Inda aka fi ganin gwanintarsu a yau shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo sigarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin. Baya ga su da homa da gora a ruwan Matan Fada, ana yin wasannin kabanci, waɗanda suka haɗa da tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

3.1 Matakan Koyon Tuƙi a Gargajiyance

Ɗan Sarkawa ba ya zuwa aji, amma koyonsa yana da tsari kamar na manhaja. Ana iya kasa shi zuwa matakai biyar.

Mataki na farko shi ne sabo da ruwa. Yaro kan fara wasa a bakin gaɓa inda ruwa bai wuce gwiwa ba, manya suna sa masa ido. A hankali tsoro yake barin sa.

Mataki na biyu shi ne iyo da nutso. Akan ba yaro gora ya rungume a ƙirji, ya riƙa buga ƙafa har ya saba, daga baya a karɓe goran. Ba a damƙa wa yaro jirgi sai ya iya ceton kansa.

Mataki na uku shi ne zama cikin jirgi. Yaro kan bi mahaifinsa ko yayansa fita su, aikinsa kwarfe ruwan da ya shigo da ƙwarya da riƙe kifi. A nan jikinsa ke koyon daidaito: inda ake taka ƙafa in za a shiga, da dalilin da ya sa ba a miƙewa tsaye farat ɗaya.

Mataki na huɗu shi ne riƙe abin tuƙi. A ruwa marar zurfi ana amfani da doguwar gwangwala, a kafa ta a ƙasa a tura jirgi. A ruwa mai zurfi kuwa sai filafili. Mai koyo zai lura cewa in ya dage da tuƙi a gefe ɗaya, jirgin zai riƙa karkata zuwa ɗaya gefen, don haka sai ya koyi murɗa filafili a ƙarshen kowane ja, ko ya riƙa sauya hannu. Zai kuma koyi cewa mai ƙetare gulbi ba ya nufar mashigin da yake so kai tsaye. Yakan nufi sama da shi, domin ƙarfin ruwa zai gangaro da shi.

Mataki na biyar, wanda ya fi ɗaukar shekaru, shi ne karatun ruwa da sararin sama. Launin ruwa da yadda yake murɗawa suna nuna gurbi mai zurfi ko dutse ko kututture a ƙasa. Hadarin da ya haɗo daga gabas da iska mai sanyi da ta taso ba zato alamu ne na a nemi gaɓa. Gwani shi ne wanda ya san lokacin da zai ce, “Yau ba a fita.”

3.2 Jirgi Mai Tafiya da Iska

Akwai wani nau'in jirgi da iska ke turawa. Akan kafa dogon itace ko ƙarfe a tsakiyarsa, a ɗaura masa babban ƙyalle mai kauri wanda ke tare iska. Irin wannan jirgi bai yaɗu a gulaben ƙasar Hausa ba, domin ba su da faɗi, kuma yawancinsu kan janye da rani. Duk da haka kakanninmu sun san shi. Alhazan da suka bi ta ƙasa, suka ratsa Cadi da Sudan, da irinsa da yawansu suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Har gobe ana ganin sa a kogin Nilu da gaɓar tekun Afirka ta Gabas. A Legas ma akwai ƙungiyar masu tuƙa shi domin wasa da nishaɗi tun 1932.

Yadda yake aiki shi ne: in iska ta biyo ta baya, sai ta cika ƙyallen ta tura jirgin gaba. In ta zo ta gefe, sai a karkata ƙyallen ya yi ciki kamar fiffiken tsuntsu. Iskar da ke wucewa ta jikinsa takan ja jirgin gaba da kuma gefe a lokaci guda. A ƙarƙashin jirgin akwai wani faffaɗan allo da ke nitse cikin ruwa, shi ke hana zamewa gefe, sai ƙarfin da ya rage ya tafi gaba. A bayan jirgin kuma akwai wani allon mai mariƙi, da shi ake juya akalarsa. Jirgin ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Iyakar ƙoƙarinsa ya kauce mata da kimanin digiri 45. Saboda haka wanda yake son zuwa inda iska ke fitowa sai ya riƙa tafiya a karkace, ya yi dama ya yi hagu, kamar jaki mai kaya da ke hawan tudu.

A ƙasashen da wannan jirgi ya yawaita, akwai makarantun koyar da tuƙinsa, kuma an fi son fara koyo a tafki. Dalili kuwa shi ne tafki ba shi da tunkuɗowa da janyewar ruwa irin na teku, raƙuman ruwansa ba su kai na teku ba, gaɓa kuma tana kusa. Kwas ɗin kan fara da sanya rigar kariya daga nutsewa da sanin sunan kowane sashe na jirgi. Daga nan sai ƙulla igiya iri-iri, da gane inda iska ke fitowa, da riƙe akala, da juyawa, da rage faɗin ƙyalle in iska ta yi ƙarfi. A ƙananan jirage, malami kan sa ɗalibai su kifar da jirgi da gangan a wuri mai aminci, su koyi tayar da shi. Akan kuma jefa wani abu mai iyo cikin ruwa a matsayin mutumin da ya faɗa, a koyi komawa a tsamo shi. A ƙarshe ɗalibai kan yi tafiyar kwanaki a tafkin, su tsara hanya da taswira, su raba aiki, su koyi jefa anka da kwana a jirgi.

In aka kwatanta wannan tsari da na Sarkawa za a ga tushensu ɗaya ne. Duka biyu sun fara da tsaron rai kafin gwaninta, sun tashi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, sun kuma dogara da gwani a kusa. Bambancin shi ne na zamani an rubuta shi, ana jarrabawa a ba da takardar shaida, na gargajiya kuwa yana cikin ƙwaƙwalwar dattawa.

3.3 Abubuwan da Ke Kifar da Jirgi

Jirgi yana zama a kan ruwa ne saboda ruwan da ya ture yana tallafe shi daidai nauyinsa. Duk nauyin da aka ƙara, jirgin zai ƙara nitsewa, tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa ta ragu. In tazarar ta koma 'yar kaɗan, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta shigo. Wannan ne ya sa lodi fiye da kima ya zama babban sanadin haɗari.

Na biyu shi ne tsayuwa da ruɗewa. Nauyin da ke ƙasa-ƙasa yana daidaita jirgi, wanda ke sama kuwa yana rinjayar sa. In fasinjoji suka firgita suka miƙe, ko suka koma gefe ɗaya, jirgin zai juye ko da lafiyarsa lau. Na uku shi ne ruwan da ke cikin jirgi, domin duk gefen da aka karkata nan yake kwarara ya ƙara nauyi. Sauran sun haɗa da tsufan katako, da kututturan itatuwa da ruwa ya rufe, da tafiyar dare, da fita cikin hadari.

Har wa yau, ruwan kansa ya sauya. Madatsun ruwa irin na Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Bakolori a 1978, da Goronyo a 1984, da kuma ta Shagari, sun haifar da tafkuna masu faɗi da zurfi. A ruwa mai faɗi iska takan samu filin tayar da raƙuman ruwan da ba a saba gani a gulbi ba. Ƙauyukan da ba su gaji sarkanci ba sun wayi gari ruwa ya raba su da gonakinsu da dajinsu, dole su ƙetara. Buƙatar jirgi ta ƙaru, amma ilimin ruwa bai yaɗu daidai da ita ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. Sai dai doka ba ta yin tasiri sosai in fasinja bai san dalilinta ba.

4.0 Keke da Tarihinsa

In muka baro ruwa muka hau tudu, za mu tarar keke bai daɗe a duniya kamar jirgi ba. A 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu wanda ake turawa da ƙafa a ƙasa. Daga baya aka yi masu feda a jikin wata ƙatuwar ƙafar gaba, waɗanda faɗuwa daga kansu ke da muni. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai ƙafafu kusan daidai da juna da sarƙa mai juya ƙafar baya, a birnin Coventry na Ingila. A 1888 John Boyd Dunlop ya samar da tayar da ake hura wa iska. Waɗannan biyu su suka ba keke siffar da muka sani a yau.

Keke ya shigo ƙasar Hausa a zamanin mulkin Turawa, ya kuma zama abin alfahari ga malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa. Samfurin Raleigh na Ingila ya yi suna ƙwarai, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwanni. Ana yi masa kirari da dokin ƙarfe. Tare da shi aka samu sababbin sana'o'i, kamar gyaran keke da faci da hayar keke, aka kuma samu kalmomi. Wasu an aro su an Hausance su, kamar feda da birki da taya da bawul da kariya da boris da sholisho. Wasu kuma na gida ne aka faɗaɗa ma'anarsu, kamar sirdi da sarƙa da ƙararrawa da goyo.

4.1 Koyon Hawa da Shirin Doguwar Tafiya

Yaran karkara da dama sun koyi keke ne a wurin mai haya. Yaro kan fara da tura keke, sannan ya ɗora ƙafa ɗaya a feda ya gangara, sannan ya zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya, daga ƙarshe ya hau sirdi. Sirrin abin shi ne keke mai tafiya ya fi na tsaye sauƙin daidaitawa, kuma mahayi yana hana faɗuwa ne ta hanyar juya kan keke kaɗan zuwa gefen da ya karkata. Ba a gane wannan da bayani kawai, sai an faɗi an tashi. Da koyo akan iya.

Sai dai iya hawa daban, iya doguwar tafiya daban. Mai tafiya a ƙasa kan ci kimanin kilomita 5 a awa ɗaya, mahayin keke kuwa kan ci kimanin 15 ba tare da gaggawa ba. Wanda zai tashi daga Dingyaɗi ya bi babbar hanya ta Shagari da Tambuwal zuwa Jega yana buƙatar shiri ta fuskoki biyar.

(a) Shirin jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akan fara da gajeriyar tafiya, a riƙa ƙara nisa mako-mako har ƙafa da baya da mazauni su saba.

(b) Shirin keke. A daidaita tsawon sirdi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan in feda ta kai ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana kawo ciwon gwiwa. A duba birki da iskar taya, a sa wa sarƙa mai, a riƙe famfo da kayan faci da sifana.

(c) Shirin kaya da guzuri. A raba nauyi daidai a gefe biyu, mai nauyi ya kasance a ƙasa, kamar yadda ake yi a jirgi. A sha ruwa tun ƙishirwa ba ta tsananta ba, a riƙa cin abu kaɗan-kaɗan, kamar dabino da fura da ƙuli-ƙuli.

(d) Sanin lokaci da yanayi. Da bazara zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, don haka akan tashi bayan sallar asuba, a huta da tsakar rana, a ci gaba da la'asar. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka za ta taimaki mai zuwa Jega, ta kuma wahalar da shi a dawowa.

(e) Kiyaye hanya. Tun 1972 hannun dama ake bi a Nijeriya. Mahayi ya tsaya a gefensa, ya nuna hannu kafin ya juya, ya guji tafiyar dare, ya kuma tambayi labarin lafiyar hanya kafin ya tashi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu mai shugabantar ayari da jagaba mai shigewa gaba, sun kuma kasa hanyarsu zango-zango gwargwadon ƙarfin mutum da dabba da inda ake samun ruwa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

4.2 Misalan Masu Doguwar Tafiya

Mutum na farko da ya kewaye duniya a kan keke shi ne Thomas Stevens, wanda ya tashi daga San Faransisko ta Amurka a 1884, ya kammala a Japan a 1886, bayan ya tuƙa sama da kilomita 20,000. A fagen wasanni, an fara babban tseren keke na Faransa a 1903, na Burkina Faso kuma a 1987.

A kusa da mu, Aliyu Abdullahi Bala ya tashi daga Jos a kan keke a 2021, ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022. A 2023 kuma wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya ƙuduri yin karatu a Jami'ar Azhar amma ba shi da kuɗin jirgin sama. Ya hau keke ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har zuwa Cadi. An tsare shi sau uku a hanya. A Cadi masu taimako suka biya masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, jami'ar kuma ta ɗauke shi karatu kyauta. Labarinsa ya dace da aji, domin ya nuna darajar neman ilimi, ya kuma nuna haɗarin da ke tattare da hanya.

5.0 Darussa ga Malamin Hausa

Daga bayanan da suka gabata, malami mai neman ƙwarewa zai iya tsintar abubuwa huɗu.

Na farko, dabarun koyarwa. Basarke da mai hayar keke suna bin ƙa'idojin da ake karantawa a darasin ilimin koyarwa: daga sananne zuwa baƙo, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, koyo ta hanyar aikatawa, da janye tallafi a hankali. Goran da ake karɓewa daga hannun mai koyon iyo daidai yake da misalin da malami ke gogewa daga allo domin ɗalibi ya gwada da kansa.

Na biyu, adana kalmomi. Sunayen kayan su, kamar homa da koma da taru da mamari da zago, da sunayen kifaye, kamar giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da gaiwa, suna raguwa a bakin matasa. Malami na iya tura ɗalibai wurin Sarkin Ruwa ko mai gyaran keke su tattaro kalmomi, su rarrabe na asali da na aro, su gina ƙaramin ƙamus na aji.

Na uku, kayan darasi. Insha'in bayani a kan yadda ake facin taya, da na labari a kan ranar da aka fara shiga jirgi, da muhawara a kan keke da babur, da nazarin karin magana irin su “ruwa ba sa'an kwando ba ne” da “tafiya mabuɗin ilimi”, duk suna fitowa daga wannan fage.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, ceton rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a 2021, yara da matasa kuma suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli domin faɗakarwa a kan nutsewa, da ranar 3 ga Yuni domin keke. Malami na iya amfani da waɗannan ranaku ya gayyato Sarkin Ruwa makaranta, ya kuma koya wa yara ƙa'idoji kaɗan cikin harshen da suke ji: kada a shiga jirgin da ya cika, a zauna kada a miƙe, a sanya rigar kariya in akwai, kada a fita in hadari ya haɗo, in jirgi ya kife kuma bai nitse ba a riƙe shi. Wajibi ne wannan ilimi ya kai ga 'yan mata, domin sau da yawa su ake aike itace da ɗiban ruwa, alhali ba kasafai ake koya musu iyo ba.

6.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar tuƙi da jirgi da keke, an kawo matakan koyon tuƙin jirgi a wurin Sarkawa da a makarantun zamani, an nuna abubuwan da ke kifar da jirgi, sannan aka dubi tarihin keke da shirin doguwar tafiya. An ga cewa matuƙin jirgi da mahayin keke duk suna dogara da daidaita nauyi da sanin iska da auna ƙarfinsu kafin su tashi. Ilimin yana nan a hannun dattawan bakin gulbi da masu sana'a. Aikin malami shi ne ya je ya same su, ya rubuta abin da suka sani, ya kai wa yaran da gobe za su tsaya a mashigi suna jiran jirgi.

Tambayoyi

1. Yi bayanin faɗaɗar ma'ana tare da misalai daga kalmomin tuƙi da jirgi da keke.
2. Kawo matakai biyar na koyon tuƙin jirgi a gargajiyance, ka kwatanta su da na makarantun zamani.
3. Me ya sa jirgi mai tafiya da iska ba ya fuskantar iska kai tsaye, kuma yaya matuƙinsa ke yi?
4. Tattauna abubuwa huɗu da ke kifar da jirgi.
5. Tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji biyar na firamare a kan kiyaye kai a ruwa.
6. Ziyarci mai gyaran keke ko masunci a garinku, ka tattaro kalmomi 20 na sana'arsa tare da ma'anoninsu.